Muryata a Motar Makaranta

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na buga waya gidan rediyo na ba firaminista maki biyu bisa goma. Gavin, mai shirin safe a rediyon yankinmu, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Noel na Kurrawin, kai ko uwarka ce ke mulki ba za ka ba ta uku ba." Na ce masa uwata ba ta taɓa barin shanu da ƙishirwa ta tafi ƙasar wasu shan hannu da ɗaukar hoto ba. Wai diflomasiyya. Rayuwata duka a gwanjon shanu na yi ta ina kiran farashi, na san mai ciniki, na san wanda ya zo washe haƙora kawai.

A shagon Trev kowa ya ji ni. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini daɗi. Tun da na yi ritaya, Litinin ce kaɗai ranar da muryata ke da aiki.

Matata Glenys ta ce in rage. Tun kafin in aure ta take cewa in rage.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mun je gonar 'yarmu Bronwyn. Zafi kamar me. Jikata Tahlia ta raka ni duba kwamin ruwan shanu, ta ce tuƙina irin na masu kai gawa ne. Na ce ita kuma a shekara sha huɗu bakinta ya riga ta girma.

A hanya sai ta fara ba ni labari. Rigar robar nan mai tauri da likita ya sa mata don ƙashin bayanta da ke karkacewa, ashe babu wanda ya sani a makaranta. Babbar riga take ɗorawa a kai, ko a wannan zafin. Akwai wasu 'yan mata a shafin sada zumunta, duka masu irin rigar, daga garuruwa daban-daban, da su take hira. Ta sa shekarunta sha tara, don kar sabuwar dokar hana yaran da ba su kai shekara sha shida ba shiga irin waɗannan shafukan ta raba su.

"Kaka, kar ka faɗa wa Mama."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata."

Na ji daɗi da ni ta zaɓa, ba Glenys ba.

Litinin, 1 ga Disamba

Bakwai bisa goma na ba firaminista, saboda dokar nan. Gavin ya ce a buɗe taga a duba ko ruwan ƙanƙara ake yi. Na ce gaskiya gaskiya ce, ƙasashe sun zuba mana ido, wannan ita ce diflomasiyyar da na sani, ka yi abu a gida duniya ta zo koyo.

Sai ya ce, "To mutumina, kana da jikoki? Yaya suka ɗauki abin?"

Ban san lokacin da na fara ba. Na san dai na ji muryata ta hau, irin hawan da take yi idan farashi ya fara tashi kuma ana kallona. Na faɗi sunanta. Na faɗi rigar. Na ce yarinya tana zaune tana tona wa baƙin da ba ta sani ba cikinta, har da ƙaryar shekaru, to wa zai kare ta in ba doka ba? Gavin ya ce a tafi talla.

Da na ajiye wayar, Glenys na tsaye da butar shayi a hannu, ba ta zuba ba.

"Noel, ƙarfe nawa yanzu?"

Na duba. Lokacin motar makaranta. Kuma Lorraine direba ba ta taɓa kashe rediyo ba, duk Kurrawin an san haka. Ni ma na sani. Nakan ma yi alfahari da cewa yara suna jina.

Talata, 2 ga Disamba

Bronwyn ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce motar cike take, Lorraine ta kai hannu ta kashe amma an riga an ji. Wani yaro ya juyo ya ƙwanƙwasa bayan Tahlia da yatsa don ya ji ko gaskiya ne. Kafin a tashi daga makaranta an sa mata suna Kunkuru.

"Baba, ni uwarta a rediyo na ji maganar shafin. Tare da mutanen gari."

Na ce ai don amfaninta na faɗa. Wallahi haka na ce. Ta kashe wayar.

Laraba, 3 ga Disamba

Tahlia ba ta je makaranta ba.

Juma'a, 5 ga Disamba

Na je shago sayen madara. Trev ya ce, "Bakwai fa, Noel! Ko firaministan ya aiko maka da giya ne?" Babu wanda ya ambaci ɗaya maganar. Matar da ke gabana a layi ta tsare gwangwanin wake da ido kamar za a yi mata jarrabawa a kansa. Na fito na bar madarar a kan kanta.

Kunya nake ji. Na rubuta don in ga yadda kalmar take da hannuna.

Na cika kwali da mangwaro na ba Glenys ta kai wa Tahlia. Ta karɓa, ta dube ni sama da ƙasa. "Wato ni ce jakadiyarka? Kai da ke koya wa firaminista yadda ake zama da ƙasashe, ga gonar 'yarka nan ka kasa takawa?" Na ce gwiwata ke ciwo. Ta ce ba gwiwa ba ce, wuya ne, ba ya lanƙwasuwa.

Mangwaron ya dawo. Glenys ta ce Tahlia ta ce a gode, amma ba ta jin ci. Kuma ta ce hutun bana ba za ta zo mana ba. Tun tana rarrafe a nan take hutun zafi. Ɗakinta ma Glenys ta riga ta gyara.

Litinin, 8 ga Disamba

Gavin ya tambaya a iska, "Ina Noel na Kurrawin? Firaminista na jiran makinsa." Ina zaune, wayar na kan tebur. Ina da abin faɗa kuwa, har da mai kyau a kan harkar sayar da nama a waje.

Na fita na shayar da tumatir da na riga na shayar.

Laraba, 10 ga Disamba

Yau dokar ta fara aiki. A labarai ana ta murna da jawabai. Da a makon jiya ne da na fi kowa.

Bronwyn ta gaya wa Glenys an rufe shafin Tahlia. Wani ya kai ƙararta, aka ce ta nuna fuska don a tantance shekarunta, shi ke nan. Ba a san wa ya kai ba. To, wa ya ba shi labari? Yawancin 'yan matan nan da sunan wasa kawai ta san su. Lambar mutum ɗaya ta tsira da ita, wata Keely a garin Toowoomba.

Har yanzu ina ganin yara sun yi ƙanƙanta da waɗannan shafukan. Ina ganin haka. Amma ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na je da kaina. A mota na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da komai. Na same ta a baranda tana cire wa kare ƙaya. Ba ta ɗago ba. Jawabin ya gudu ya bar ni tsaye da hula a hannu, tsoho guda.

Na ce, "Tahlia, na ci amanarki."

Ta ci gaba da cire ƙayar, ta ce, "Kunkurun ma ba shi ya fi ciwo ba. Ka ce baƙi ne. Su suka koya mini yadda ake barci a cikin abin nan, Kaka. Kai ka taɓa tambayata ko ina iya barci?"

Ban taɓa ba. Na buɗe baki in ce wani abu, ta ce, "Don Allah kar ka yi bayani."

Na zauna a matakala har karen ya gaji ya tafi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma kore ni ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Jiya Bronwyn ta kira. Tahlia na son zuwa Toowoomba ta ga Keely, su kuma suna da shanun da za a loda. "Direba take nema, Baba, ba kaka ba. Ka gane?" Na ce na gane.

Tafiya mai nisa, ban ce uffan ba sai da na tambaye ta ko iskar motar ta yi mata yawa. Ni Noel. Muƙamuƙina har ciwo ya yi.

Mun tsaya shan mai a Dalby. Ta fita, ta daɗe a gefen mota tana kai hannu baya tana kasawa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, maɗaurin tsakiya ya saki, kuma Mama ce ke ja mata. Ta ɗaga babbar rigar kaɗan.

Ban taɓa ganin abin ba. Na faɗa wa yanki guda labarinsa, ban taɓa ganinsa ba. Fari ne, tauri kamar bokiti, a kan 'yar singileti da ta jiƙe sharkaf, ga wurin da gefensa ya goge mata fata ya yi ja. Na kama maɗaurin. Na ja a hankali.

"Da ƙarfi, Kaka. Sai ya kai layin da aka zana."

"Ba zai yi ciwo ba?"

"Yana yi. Ja kawai."

Na ja.

Keely 'yar ƙarama ce, mai gilashi. Suka tsaya suna kallon juna a ƙofar gidan, sai kowace ta ƙwanƙwasa cikinta, suka fashe da dariya. Uwar Keely ta ce in shigo in sha shayi, wai me nake gani game da dokar nan? Na ce zan jira a mota.

Ban ce na canja ra'ayi ba. Zafi ne dai, kuma na gaji.

A hanyar dawowa ta yi barci, kanta a jikin gilashi. Maganar hutu ba ta taso ba. Na rage gudu a duk inda hanya ke da rami.