Huɗu da Ɗigo Shida

Litinin, 4 ga Maris

Injiniya ya taɓa min kwamfuta.

Malamin lissafi ne fa, ni na laƙaba masa Injiniya tun ranar da ya kwance injin wanki ya mayar, kusoshi suka yi saura. Na dawo daga kai Auta asibiti na tarar da mijin nawa durƙushe a ƙarƙashin teburina, murfin gefe jingine da bango, fankar falo tana hura cikin na'urar. Wai ya ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu. Kamfani ya ajiye ta a huɗu da ɗigo biyu, shi ya kai ta huɗu da ɗigo tara.

"Dabaibayi suka yi mata, ranki ya daɗe, ni kuma na kwance."

Wa ya aike shi? Jumma'a zan miƙa wa ɗan kwangila hotunan gidan benen da na zana, aikina na farko tun da na bar ofis na koma cin gashin kaina. Mutumin ya faɗa min ba kunya, yana da wani mai zanen a hannu.

Talata, 5 ga Maris

Ta yi sauri, ba zan yi ƙarya ba. Hoton da nake ɗora girki in sauke bai fito ba, yau kafin albasa ta soyu ya gama. Ban nuna masa a fuska ba, kada kansa ya fashe.

Laraba, 6 ga Maris

Allo ya yi shuɗi, komai ya ɗauke. Sau biyu. Na biyun ya tafi da matakalar bene da duk tagogin gaba, aikin safiya guda, ban adana ba. Na yi kuka, kukan haushi.

Da ya dawo daga makaranta, maimakon sannu, sai cewa ya yi, "Ba zai yiwu ba. Na yi mata gwaji mai tsanani kuma ta ci." Wato ni ce maƙaryaciya, ko ni ce ban iya danna madannai ba. Ya ƙara mata wuta kaɗan, wai abincin ne bai ishe ta ba. Yanzu ƙasan teburin kamar bakin murhu, ƙafafuna sun shaida. Garin neman gira za a rasa ido, kuma idon nawa ne, ba nasa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Na gano. Shi da sanyin safiya yake gwajinsa, murfi a buɗe, fanka a kai. Yana fita ni kuma in rufe murfin, don Auta ya taɓa cusa cokali a ciki, in mayar da fanka falo, in zauna aiki da tsakar rana lokacin da bangon nan ya ɗauki zafi. Kwamfutar da yake gwadawa daban, wadda nake aiki da ita daban.

Na ce, "Baban Auta, gwada ta yadda nake zama da ita."

Ya gwada. Ko ruwan da ya ɗebo bai shanye ba ta faɗi. Ya daɗe yana kallon shuɗin allon kamar ya ci amanarsa, sannan ya mayar da ita huɗu da ɗigo biyu. Har da cewa ai da ma iyakarta yake nema. A kan aikina! Ya je ya nemo iyakar injin wanki mana.

Jumma'a, 8 ga Maris

Na kai aikin babu hotuna uku, ba su fito a kan lokaci ba. Ɗan kwangila ya juya takardun yana taɓe baki, ya ce a canja rufin, a sake duka hotunan, Litinin da safe. "In ba za ki iya ba, ki faɗa tun yanzu." Na ce zan iya. Da wannan tafiyar hawainiyar? Ban san da me na dogara ba.

Asabar, 9 ga Maris

Ba na yi masa magana. Ya wanke kwanuka har da tukunyar da ba a yi girki da ita ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Ya kwashi yara zuwa gidan mahaifiyarsa don in samu sarari. Na lissafa, na ga hotunan ba za su gama kafin safiya ba. Dole ce ta sa, ba sha'awa ba. Na shiga wurin saita gudun kwamfutar inda na ga yana shiga, murfi a rufe, rana a tsaka, ba fanka. Ɗigo ɗaya nake ƙarawa, in sa ta fitar da hoton rufin, in jira. Ɗigo huɗu lafiya. Biyar lafiya. Shida lafiya. A bakwai ta faɗi. Na dawo shida, na sake mata aikin gaba ɗaya. Kafin su dawo saura hoto ɗaya.

Ya shigo da Auta a kafaɗa, ya leƙa allo, ya ga lambar. Na shirya masa baƙar magana. Sai kawai ya ce, a hankali, "Injiniya, ɗigo bakwai fa?"

"Ta faɗi."

"Da wuta nawa?"

Na ce ya fita min daga ɗaki.

Gobe zan kai aikina cikakke. Har yanzu haushinsa nake ji, kada ya ɗauka an wuce wurin. Wutar kuma ban ƙara mata ba. Na dai duba inda ake ƙarawa.