Sitikar da Na Ɓare

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ta waya tsawo. Yaya jikinki, yaya karatun jinya, yaya ƙawayen ɗakin naki masu minshari? Ina fatan kin fara yi wa mutane allura ba tare da kin rufe ido ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi min faɗa a tsaye. Mijinki Malam Tabarau ma lafiya, sai dai tun da kika tafi yake saka riga a baibai, ni kuma ba na gaya masa sai mun isa shago.

Kin ce in riƙa rubuto miki da hannu don kada bokon da kika koya min ya gudu. To ga shi, kuma yau da babban labari na zo. Ƙaninki ya ci gasa.

Kin san katafaren shagon nan na kayan kwamfuta da ke kan titin asibiti. Su ne suka sa gasar gajeren bidiyo na ban dariya. Na tura musu wanda na yi wa mai askin da ke jikin shagonmu, ranar da na ɗaura wa butarsa siririn zare. Ya miƙa hannu ta matsa, ya sake miƙawa ta sake matsawa, har ya ja da baya yana tofa mata addu'a. Bidiyon nan shi ya zo na ɗaya. Kyautar kuwa abin da suke kira girafik kad, wato katin da ake sa wa kwamfuta a ciki ya ɗauke mata nauyin hoto da bidiyo. Kada ki ji an ce kati ki ɗauka irin na waya ne. Wannan ya kai takalmin mijinki tsawo, ga fanka biyu a jikinsa, ga nauyi kamar bulo.

Na ce to ni me zan yi da shi, ni da ko kwamfutar ban da ita? Sai na tuna da mijinki, bawan Allahn da kullum yake zaune gaban tasa yana haɗa wa mutane bidiyo, tana jan ƙafa kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, shi kuma yana shan shayi yana jiranta. Na fito da katin daga kwali, na gyara shi tsaf, na naɗe a ƙyalle mai kyau, na ajiye masa kan tebur. Da farko ƙin taɓawa ya yi. Biro ya ɗauka ya ɗaga bakin ƙyallen daga nesa, wai ko kwaɗo ne. Da ya ga abin da yake, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Auta, kai ne kuwa?" Na ce ni ne, sai dai in an canza ni a hanya.

Yaya, ga abin da ya fi kyautar daɗi. Da kansa ya shiga ciki ya ɗauko kujera ta biyu ya ajiye kusa da tasa. Ya ce daga yau na tashi daga shara da aike, zai koya min haɗa bidiyo, amma da sharaɗin wasa ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa tare da takalmina. Na ce na ji na yarda. Kin san shekarun da na yi ina leƙen allon nan ta bayan kafaɗarsa.

Har ya karɓi aikin da da can yake tsoro. Shugabar makarantar nan da ke ba shi ƙananan ayyuka ta kawo bidiyon shekara guda na ɗalibanta, a haɗa a nuna wa iyaye ranar taro. Ya ce mata babu damuwa, yanzu muna da inji. Tsohon katin da ya cire kuwa, cewa ya yi in jefa a durowa. Na ce me za mu yi da tarkace? Na tsallaka titi na miƙa wa mai hoto a gaban jama'a, na ce ya riƙe ya rage zafi, mu mun wuce wurin.

Ki gaishe da malamanku, ki ce musu ke yayar zakara ce.

Ƙaninki mai farin jini,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Inna lafiya, tana gaishe ki. Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yi haƙuri. Abin da zan faɗa ba zai faɗu a waya ba, don in kika ji muryata za ki ɗauka wasa nake. Kowa haka yake ɗauka.

Katin ba shi da lafiya.

Da farko ya yi aiki kamar abin arziki. Muna cikin haɗa wurin da yara ke rera waƙa, sai ga koren layi ya ratsa fuskokinsu. Layin ya zama biyu, ya zama goma, yaran suka koma kamar an saƙa su a tabarma. Fankokin suka ɗauki ƙugi kamar injin niƙa, allon ya yi baƙi ƙirin. Mijinki ya kashe ya kunna. Ya zare katin ya hure ya mayar. Ya canza wayar da ke jona shi, ya sake zuba masa manhaja, ya kai shi wajen abokinsa mai gyara aka gwada a wata kwamfutar. Duk inda aka sa shi, in ya ɗan ɗauki zafi sai koren layin ya dawo. Mai gyaran ya ce daga kamfani ya taho da cutarsa, ba hannun kowa.

Muka dawo shago, mijinki ya zauna. Can sai na ga yana duba saman kanta, yana duba bayan labule, yana ɗaga kalanda. Ya juyo ya ce, "Auta, a ina ka ɓoye kyamarar? In bidiyo kake ɗauka ka ci wata gasar, ka ɗauka ya isa haka, ka kawo min katin gaskiyar. Aikin mutane ne a hannuna."

Yaya, na rantse masa da duk rantsuwar da na sani. Kuma kin san mugun halin bakina, ina rantsuwa yana neman yin dariya, don ya saba. Na danne, ya ƙi dannuwa. Ya kalli bakin nan nawa, ya gyaɗa kai, ya juya min baya. Ban taɓa jin haushin fuskata ba sai ranar.

Na ɗauki katin na koma shagon da suka ba ni. Matar da ke kan kanta mutuniyar kirki ce, har ta gane ni ta ce, "A'a, mai buta!" Ta ce kada in damu, akwai garanti, in kawo kwalin a canza min. Kwalin kuwa tun ranar farko na sa rabin bulo a ciki na kai wa mai aski, na ce ga kasonsa na kyauta. A kwata ya ƙare. Na faɗa mata, ta yi dariya ta ce ba komai, lambar da ke jikin katin ma ta wadatar. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce ina farar sitikar da ke nan wurin?

Ni na ɓare ta. Kin tuna yadda Inna take mana, ko sabulu za a kai wa mutum sai ta sa an kankare takardar farashi, wai ba a ba da kyauta da kuɗinta a goshi. To da na ga farar takarda da zane-zanen layi da lambobi, irin wadda ake mannawa a kayan kanti, sai na ce wannan farashi ne, kada mijinki ya gani ya ji nauyi. Akwai ƙananan rubutun Turanci a ƙasanta, ban tsaya neman mai karanta min ba. Matar ta ce abin da rubutun ke cewa shi ne duk wanda ya cire ta ya cire garantinsa. Amma ta ce in na samo ta da lambar a jiki, za ta roƙar min manajansu.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, don niyyata mai kyau ce. Sai dai tun da na ɓare ta tana nan manne a yatsana, shi kuma ya sunkuya yana kunce bayan kwamfuta, bayansa a buɗe kamar allo. Wannan fa bayan ya ajiye min kujera, bayan na ce na ji na yarda. Hannuna ne ya tafi da kansa. A tsakiyar bayan shuɗiyar rigarsa na manna ta, ya yini da ita, ya je banki da ita, mai aski yana cewa nawa ake sayar da shi, shi bai gane ba.

Har yanzu ban gaya masa ba. Maganar tsohon katin ma bai sani ba, yana cewa gobe zai ɗauko shi a durowa ya lallaɓa. Don Allah kada ki kira shi. Ki bar ni in kai kaina.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na gode da ba ki kira shi ba, na kuma gode da zagin, ya yi daidai. Ina fatan jarrabawar ta zo da sauƙi. Inna lafiya. Ta ji komai, abin da ta ce kawai shi ne ita farashi ta ce a cire, ba ta ce a manna wa mutane ba.

Da sassafe na je wajen mai wanki. Na tarar har ya wanke rigar ya goge. Sitikar tana nan, amma dutsen guga ya bi ta kanta, ta zama wani toka-tokan tabo mai danƙo, babu lamba ko ɗaya. Na karɓi rigar na wuce shago da ita. Na sami mijinki durƙushe gaban durowa ya fito da komai waje yana nema. Na shimfiɗa rigar kan tebur, na nuna masa tabon, na faɗi komai daga farko har ƙarshe, har da mai hoto. Wannan karon bakina bai yi dariya ba.

Ya daɗe yana kallon tabon, yana murza shi da babban yatsa. Ya ce, "To yanzu na yarda katin ba wasa ba ne." Sai kuma ya ce, "Je ka karɓo min nawa."

Tsallaka titin nan ya fi min tafiyar yini tsawo. Mai hoto har ya riga ya sa katin a kwamfutarsa. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce in dakata. Ya leƙa waje ya kira mai aski, ya kira tela, ya kira mai sayar da katin waya, ya ce su zo su ga waɗanda suka wuce wurin sun dawo. Ya ce in maimaita da ƙarfi, kunnensa na hagu ba ya ji. Na maimaita. Mai aski ya riƙe ciki yana cewa, "Miƙa hannu mu gani ko zai matsa!" Ban ga laifinsu ba, don da ni ne su da na yi abin da ya fi haka. Mai hoto ya kunce katin ya ba ni, ya ce in gaishe da maigidana, shi don darajarsa ya bayar.

Tsohon katin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aikin ya fi ƙarfinsa. A taɓa nan ya tsaya, a taɓa can ya yi tunani. Ana gobe taro shugabar makarantar ta zo, ko rabi ba mu kai ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ya nuna ni, har na shirya abin da zan ce. Sai na ji ya ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne. Na karɓi aiki a kan injin da ban gama gwadawa ba." Ko kallon inda nake bai yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a kwafe mata kayanta, akwai wani a bayan kasuwa da zai gwada. Shi da kansa ya kwafe, ya raka ta har mota. Ina jin ba za ta dawo ba, kuma kin fi ni sanin yadda ayyukanta suke riƙe shagon.

Katin kyautar na mayar wa matar kanta. Ta ce za su aika wa kamfanin haka nan babu lamba, amma kada in sa rai. Ban sa ba.

Washegari na zo na ɗauki tsintsiya, don na san matsayina. Na share, na ɗaga kujera ta biyu zan mayar ciki. Ya ce wa ya aike ni? Ya ce in zauna, aikin da ya rage ɗan kaɗan ne, gara in koya a kan inji mai jan ƙafa, zai koya min haƙuri. Na zauna. Yana nuna min yadda ake yanka da yadda ake jona murya, kamar babu abin da ya faru. Har shayi ya zuba min.

Za ki ce to ai an gama lafiya. Ni ma haka na ɗauka, sai da na lura da wani abu. Shagon nan matsattse ne, in zan fita dole ta bayansa nake bi. Duk sanda na wuce, sai hannunsa ya tashi ya shafa tsakiyar bayansa, ya koma kan aiki. Idonsa yana kan allo, bai ma san yana yi ba. Jiya na gwada wucewa da hannuwana duka biyu a aljihu, na manne da bango. Ya shafa.

Yaya, da marina ya yi da tuni na warke. Kada ki gaya masa, don in ya sani zai daina saboda kunyarki, ni kuma ba irin wannan dainawar nake so ba. Zan ci gaba da wucewa.

Ki yi min addu'a. Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙaninki,
Auta