Mace ta Biyar a Cikin Ruwa

Paris, farkon Maris, 1892

Zuwa ga matata Katell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Rozenn, kuma tarin nan na lokacin sanyi ya sake ta. Ki gaida Inna, in har tana amsa gaisuwarki.

Shekara huɗu ke nan rabona da garinmu Kerloan. Shekara huɗu ina dakon hotunan mutane a bayana, in hau bene in sauko, in buga ƙusa inda aka nuna mini. Gwiwoyina har ƙara suke yi kamar tsohuwar ƙofa. Ban taɓa kawo miki kuka ba, yau ma ba shi na kawo ba.

Inna ta sa Fada, limamin cocinmu, ya rubuto mini. Ta ce bara da zafi kin shiga teku a bainar jama'a tare da matan Paris masu zuwa wanka, kin cire farin kallabinki kin ajiye a kan dutse, wani mai zanen hoto yana zaune yana kallo. Ta ce yanzu a coci ba mai zama kusa da ita. Ta ba ni zuwa bikin Ista in zaɓa: ko in rubuto ki koma gidan ubanki ki bar mata Rozenn, ko ta cire ni daga 'ya'yanta.

Kin san garinmu. Mace ba ta buɗe gashinta sai a ɗakin mijinta. Teku kuwa wurin neman abinci ne, ba wurin wasa ba. Ya ci ubana, ya ci ƙanena, ke ma ya ci yayanki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba na yanke hukunci daga baki ɗaya. Na bincika, an ce sunan mai zanen Sabourin, kuma zai kai hoton babban baje kolin da ake yi a watan nan. Na roƙi maigidana ya sa ni cikin masu rataya. Zan gani da idona.

Mijinki,
Tangi

Paris, ƙarshen Maris, 1892

Katell,

Ina gaishe ki, ina gaida Rozenn. Allah ya sa kuna lafiya. Ni dai lafiyar jiki da sauƙi.

Na ga hoton. Ni na ɗauko shi daga keken doki, ni da Baptiste abokin aikina, ban ma san shi ne ba sai da muka kwance bargon. Baptiste ya duba ya ce, "Kai ɗan bakin ruwa, dama a garinku yashi ja ne, ko mutumin nan ya sha ne ya yi tatul?"

Ban ga laifinsa ba. In kana kusa ba ka ganin komai sai ɗigo-ɗigon fentin mai, kauri-kauri, kamar ɓawon kifi a kan teburin masunta. Na buga ƙusa, muka rataya, na ja da baya don in duba ko ya karkace.

Katell, da na ja baya sai ruwan ya motsa.

Ban san yadda zan faɗa miki ba. Yashin ja ne, gaskiya, irin jan da yake yi in rana ta kusa faɗuwa, wanda na taka shekara talatin ban lura ba. Ruwan kore ne a gaba, can ciki shuɗi, can kuma wani launi da ban san sunansa ba. Haske ba daga sama yake saukowa ba, daga cikin ruwan yake fitowa. Duk rayuwata in na kalli teku iska nake dubawa, ko za a fita ko ba za a fita ba, wa zai dawo. Ban taɓa kallonsa haka kawai ba.

Matan Paris huɗu suna bakin gaɓa, sun riƙe igiyar da aka ɗaura wa masu wanka, ruwa bai wuce gwiwarsu ba. Ta biyar tana can ciki ita kaɗai, ruwa har ƙugu, da doguwar farar riga, ta juya baya. Babu fuska. Amma kafaɗar hagu ta ɗan sauka, saboda yawan ɗaukar kwandon ciyawar teku da kike yi. Wannan kafaɗa ko a cikin mata dubu zan gane ta.

Sai gashin. Shekara goma sha biyu da aurenmu, a hasken fitila kawai na san shi, na ɗauka baƙi-baƙi ne. Ashe launin sabuwar tagulla ne. Ya zubo har ya taɓa ruwa, kuma duk hasken hoton kamar a wurinsa yake taruwa.

Ban san na cire hulata ba, kamar yadda muke yi in gawa na wucewa, sai da Baptiste ya zungure ni ya ce, "To, wa ya mutu kuma?"

Sabourin yana wurin, siriri, kwat ɗinsa ta yage a gwiwar hannu, yana tari. Na zo da niyyar fasa masa baki. Ya ce in ɗan sauke hoton ƙasa kaɗan, na sauke. Na tambaye shi wace ce waccan. Ya ce wata matar gari ce, ta hana shi zana fuskarta, ko sisi kuma ba ta karɓa ba. Ya ce ta gaya masa tana so ta ji sau ɗaya ko ruwan nan ya iya riƙe mutum a hankali.

Abin da ke cina shi ne, wani baƙo mai tari ya ga wannan kafin ni. Wannan ɗacin ba zai tafi da wuri ba. Amma ban ga abin kunya a jikin ƙyallen hoton nan ba, kuma na duba sosai.

Mijinki,
Tangi

Paris, makon Ista, 1892

Matata Katell,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Rozenn.

'Yan birni suna ta wucewa gaban hoton suna dariya, wai yaro ma ya iya. Ni kullum in na tashi aiki sai na je na tsaya. Jiya wani ɗan Denmark ya saya, gobe zan naɗe shi da hannuna in sa a akwati.

Na rubuta wa Inna. Na ce mata ita ta haife ni, ba zan daina gaishe ta ba ko ba ta amsa ba, kuma kason kifinta ba zai yanke ba muddin ina da hannu. Na ce amma ba na korar matata, ba kuma a raba Rozenn da uwarta. Gidan na Inna ne, don haka mu za mu fita. Na san abin da za a ce da ni a bakin coci. Na gaji da yawa, ba ni da ƙarfin damuwa.

Ki tambayi matar mai gasa burodi ko ɗakin nan na saman shagonsu yana nan. Ina tafe ƙarshen Afrilu, zan nemi gurbi a jirgin masu kamun kifin sadin.

Ga abin da na iya tarawa: kuɗi faran ɗari da tamanin, bargo biyu, guduma, da takalmi ɗaya na Rozenn wanda ban san ko zai shige ta ba. Kuɗin jirgin ƙasa a ciki zai fita. Sauran ya ishe mu hayar shekara.

Mijinki,
Tangi Kerbrat