Katin Baba Ya Ƙare Ranar Juma'a

Neza, 15 ga Agusta

Zuwa ga yayana Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ba ka ƙarfin aikin gonar tumatir ɗin nan ta Kanada, ya raba ka da ciwon kafaɗar da ka ce yana damunka. Mu nan lafiya lau. Kumburin ƙafar Mama ya saɓe, tana shan maganin hawan jini safe da yamma, ni nake miƙa mata. Kwanon rufin kicin ya daina yoyo tun da Baba ya hau ya gyara shi. Hotunan bikin gama karatuna na tura maka ta waya, amma akwai maganar da waya ba za ta ɗauka ba, shi ya sa na zauna da biro.

Ka san zancen katin Baba. Ranar 9 ga Agusta, shekara biyar da suka wuce, wata biyu bayan tafiyarka, ya je ɗakin rantsuwa da ke harabar cocin Uwarmu ta Guadalupe, ya rantse ba zai taɓa giya ba har shekara biyar, wato har in gama jami'a. A lokacin ka ce kwali ba ya kashe ƙishi. Ban ga laifinka ba, domin kai ne kake ɗauko shi daga bakin titi a kafaɗa ina riƙe da takalmansa. To, ya cika alkawari, katin kuma ya ƙare ranar Juma'ar da ta wuce. Ga abin da na ɓoye maka: an ba ni aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha a Hermosillo, tafiyar fiye da kwana guda a mota, an ce in ba da amsa kafin 20 ga wata. Na rubuta musu cewa ba zan zo ba, na ajiye ban tura ba. Ta yaya zan yi nisa haka, ga Baba babu kati, ga Mama ita kaɗai da shi?

Ranar Asabar aka yi walimata a tsakar gida. Aminin Baba Don Fulgencio, wanda ya tsaya mini a baftisma, ya shigo da kwalbar giyar meskal a hammata yana shelar cewa yau an sako fursuna. Mama ta ce in ya kuskura ya buɗe ta a gidanta, tukunyar miyar mole za ta kifa masa a sanƙo, ya tafi gida ƙudaje na yi masa rakiya. Ya yi dariya ya ce wa Mama ai ita Doña Otilia ba ta taɓa yin asarar miya a kan kowa ba, ya buɗe, ya zuba, ya miƙa wa Baba. Yaya, Baba ya karɓa. Ya kai hanci ya shinshina, ya riƙe kofin a kan gwiwarsa yana hira. Minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Sannan ya mayar masa, ya ce ya shanye a madadinsa tunda shi hantarsa ta gwamnati ce. Kowa ya fashe da dariya ban da ni, ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, bai ambaci sabunta rantsuwa ba. Ina jin kunyar faɗa maka, amma sau biyu na ɗauki rigar aikinsa na shinshina. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ranar Talata da ƙarfe shida da kwata na safe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in sa takalmin da zan iya hawan dutse da shi. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ana matse mu kamar kifin gwangwani, muka isa cocin takwas saura. Mun samu sujadar safe, sannan muka bi ta bayan bagadi inda bel mai tafiya da kansa ke wucewa da mutane a ƙarƙashin mayafin nan mai ɗauke da hoton Uwarmu. Kamar kullum Baba sau biyu ya hau, wai na farko gaisuwa ce, na biyu ne magana. Ka san halina. Na karanta abin da masu yarda da masu musu suka rubuta a kan mayafin nan, ban kuma iya cewa ga abin da ya faru a kan dutsen Tepeyac a watan Disamba na 1531, lokacin da ake cewa Uwarmu ta bayyana, ba. Ni ruwa aka koya mini in gwada, wannan ba ya shiga kwalbata. Abin da na sani da idona shi ne kwana dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin da bakwai mutumin nan bai sha ba.

A ɗakin rantsuwa mun tarar da mutum talatin da bakwai, huɗu mata ne. Wani dattijo mai hular kaba ya ga Baba ya ce a'a, ashe tsohon soja ya dawo bariki, Baba ya ce gara barikin nan da kwata. Aka raba katuna masu hoton Uwarmu, inda kowa zai rubuta sunansa da tsawon lokacin da ya ɗauka. Na matsa kusa da kunnensa na ce ya sa shekara goma, ko aƙalla biyar kamar da. Bai ko dube ni ba, ya lashi bakin biro ya rubuta shekara ɗaya. Aka durƙusa, Fada, limamin cocin, yana faɗa suna maimaitawa, ni kuwa ina tsaye a baya zuciyata na tafasa. Shekara ɗaya! A raina na gama tura takardar ƙin aikin.

Da muka fito ya sayi gorditas, 'yan wainar masara, masu zafi a cikin takarda mai launi, ya ce mu hau dutsen Tepeyac. Na yi niyyar ƙirga matakalan amma fushi ya ɓatar mini da lissafi. A tsakiyar hawa ya zauna yana haki, ya kira ni 'yar sandar gidansa, ya tambaye ni ko rigar tasa ta ci jarrabawa. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce Mama ta gaya masa zancen Hermosillo tun ranar da takardar ta zo. Wancan katin, in ji shi, nawa ne, don ni ya ɗauka ko da ba a rubuta sunana ba. Shi ya sa ya bar kwana huɗu babu kati a aljihu, yana so ya gani ko hannunsa ne yake ƙin kofin ko kwali ne. Na ce to me ya hana shi sa goma? Ya ce na farko, ba ya yi wa Uwarmu cika baki, abin da ya san zai iya ɗauka shi yake ɗagawa. Na biyu, mai rantsuwa yana son shaida, shi kuma ni ya zaɓa. Duk ranar 13 ga Agusta sai in nemi hutu in zo in raka shi. Da ya sa goma, wai, da na sami hujjar ɓacewa kamar wasu da tumatir ya haɗiye. Ya faɗa yana dariya, amma sai da ya juya ya share ido da takardar gorditas.

Jiya da ƙarfe tara da minti goma sha biyu na tura wa mutanen Hermosillo cewa na karɓi aikin. Zan fara ranar 2 ga Satumba. Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoron bai tafi ba, na ma rubuta wa Mama lambobin waya uku na manna a jikin firji, ta ce in cire kafin in mayar mata da kicin ofishin 'yan kwana-kwana. Ban cire ba.

Za ka ga wani abu a naɗe cikin wannan takarda. Tsohon katin ne, duk ya yi laushi, gumi ya cinye rabin sunan. Baba ne ya ce in saka maka, in kuma ce maka ga kwalin nan, ka duba shi da kyau. Bai ce ka zo ba, ka san bakinsa ba zai iya ba. Ni ce nake faɗa: 13 ga Agusta mai zuwa Laraba ce, kana da shekara guda ka nemi izini.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shafa man zafi a kafaɗar. Don Fulgencio ya ce a gaya maka ragowar kwalbar tana jiranka, Mama ta ce ƙarya yake, ta zubar a kwata. Ka gaida Gwaggo Herminia in ka je Toronto, da 'ya'yanta Ulises da Maribel, da abokin ɗakinka Nicanor. Uwarmu ta lulluɓe ka da mayafinta.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Citlali