Hannunki Ake Jira, Siddiƙa

Zuwa ga sanyin randata, gawona mai ganye a tsakiyar rani, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, Siddiƙa, uwar 'ya'yana kuma sarauniyar tsohuwar zuciyata.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu muka rabu da boko, kuma har yau babu wanda ya yi kewar wani.

Yaji da furfura, Siddiƙa? Tun da kika tattara kika tafi Sandamu gidan yayanki, wai ba za ki zauna ki ga autanmu Anwar ya auro 'yar ƙasar Filifin ba, gidan nan ya zama rijiya babu guga. Tuwon da nake ci na maƙwabta ne, tausayi ne miyarsa.

To, an ɗaura. Kuma wallahi na ga abin da ban taɓa gani ba! Johaira sunanta, tare suke aikin jinya a Jidda, sallarta ma ta fi tawa tsawo. Da aka shigo da ita gaishe ni, na gyara zama ina jiran ta durƙusa daga bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, yadda suruka ke yi. Ina! Yarinyar nan ta taho kai tsaye, ta kama hannuna, wannan hannun mai kaushin igiyar awaki, ta ɗora shi a goshinta! Innalillahi! Hulata ta faɗi, ni ma saura kaɗan in bi ta. Na ruga wurin Malam Sha'aban ina haki, ya ce babu laifi, ai yanzu ni uba ne gare ta. Ashe a wurinsu haka yaro ke roƙon albarkar babba. Uwarta kuwa, wadda ta rako ta tun daga can, a faranti ɗaya take ci da Anwar, tana tura masa kifi, tana kiransa ɗanta. Ni da na yi shekaru ina canza hanya in na hango taki uwar!

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba, ya farin watana. Da ta gama da ni sai ta waiga tana neman naki hannun. Aka nuna mata ɗakinki. Ta tsaya a ƙofa, ta ga mayafinki shuɗi a rataye, ta kama gefensa ta ɗora a goshinta, ta daɗe a haka. Ni mai ba mutane dariya a kasuwar dabbobi, sai ga ni ina share ido da hannun riga ina cewa hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba.

Yanzu ta ƙi tarewa. Uwarta ta sa Anwar ya fassara mini cewa ba za ta bar 'yarta a gidan da uwar gida ba ta sa mata albarka ba. In jirginsu ya tashi ba ki zo ba, tare za su koma. Yaronki ya rame kamar karan dawa bayan girbi.

Kin manta ne, ya kurciyata? Da na kawo ki daga rugarku ta Babban Mutum, Inna, mahaifiyata, ta ce ba ta son 'yar daji, ko Hausarki ba ta ganewa. Kika yi ta kuka a bayan rumbu, ni ina ta yi miki kukan jaki don ki yi dariya. Yaushe aka share miki hawaye? Ba ranar da Inna ta kama hannunki ta ɗora a kan muciyarta ba? Rannan kika zama 'yar gida, ba ranar da aka shafa fatiha ba. Yau muciyar tana hannunki.

Ki dawo, hasken idona. Ba sai kin yi magana ba, ba ta jin Hausa, ke ba kya jin nata. Ki miƙa hannu kawai, ita ta san sauran.

Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo da babur. In kin ƙi hawa, na rantse zan durƙusa a gaban yayanki da duk mutanen Sandamu, in cire hula, in kama hannunki in ɗora a kan sanƙona, kuma ba zan saki ba. Na koyi abin, kin kuma san ba ni da sauran kunyar da zan yi asara.

Naki tun gashina yana nan, naki har a mayar da ni ƙasa,
Dabo