Lungun da Makara Ba Ta Wucewa

Zuwa ga Mai Unguwarmu, a nan Zango ta Damagaram.

Gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwana. Bayan haka, ni ne Habu ɗan Malam Isa baduku, na gidan ƙarshe a lungun dukawa. Na sha zuwa zaurenka da wannan magana ana ce mini ka fita, alhali ga takalmanka nan a bakin ƙofa. Shi ya sa na sa aka rubuta ta, a karanta a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, kowa ya ji.

Na farko. Ka san Balaraben nan na Gadamus, attajirin da ya sayi gidaje biyu a bakin lungunmu, ɗaya dama ɗaya hagu. Shekarar da ake ɗaga ganuwar Birni, muna can duk mazan unguwa muna ɗaukar ƙasa a ka, ya sa magina suka gitta azara daga wannan katanga zuwa waccan, suka ɗora ɗaki a kan hanya. Muka dawo muka tarar bakin lungu ya zama kogo. Ko gajere sai ya duƙa. Kuma lungun nan ba shi da wata mafita, a ƙofarmu ya ƙare. Da muka kawo kuka, cewa ka yi haka ake gini a garinsu, mu ne ba mu san duniya ba. A cikin makon da muka kawo kukan ne muka fara ganin sabuwar alkyabba a kafaɗarka. Ni dai gani kawai na yi.

Na biyu. Ranka ya daɗe, fataucin fata ya ɗan nuna mini duniyar. Na zauna a Kano. Lungunansu matsattsu ne, suna murɗewa har baƙo ya ɓata, indararo na zubo wa mutum ruwa a wuya, amma ko'ina ka ɗaga kai za ka ga sama. Na je Agadas. Gidajensu gajeru ne, ƙofofi ƙanana, sai dai hanya ta kowa ce, raƙumi da kayansa yana bi. A Kukawa kuwa dandalinsu ya ishi gari guda ya tsaya. Ko nan kusa da mu cikin Birni, inda duwatsu suka matse gidaje, wa ya isa ya rufe wa maƙwabci hanya? Zangonmu fa da bukkokin fatake ta fara, a sake, don ayari ya sami wurin sauke kaya. Abin da ya sa iyayenmu suka zaɓe ta ke nan.

Gadamus ban taɓa zuwa ba. Masu raƙuma sun ce rana ce ta kori mutanen garin zuwa ƙarƙashin rufi, hanyoyinsu duhu, matansu ta kan soraye suke ziyara. Allah ya ba su lafiyar zama. Ƙila can sun san tsayin da ake ba rufin hanya. Wanda aka yi mana nan dai, tsayin da ya dace da daɓen ɗakin baƙo aka duba, ba mu ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Bayan sallar layya da ta wuce Allah ya karɓi ran mahaifiyata. Kai ma ka zo jana'iza, kana tsaye a waje. Aka yi mata sutura, muka ɗora makara a kafaɗa kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Da muka iso ƙarƙashin ɗakin nan, makara ta ƙi shiga. Muka sauke ta zuwa gwiwa, muka duƙa, muna jan ƙafa cikin kashin awaki. Wurin ya matse, sai da aka karkata ta, na ji Inna ta zame cikin likkafani, na tare ta da ƙirjina. A samanmu kuwa ana taka daɓe, ƙasa na zubo mata. Matar da ko inuwar baƙo ba ta taɓa ƙetarewa ba, ta bar gidanta ta ƙarƙashin ƙafafun baƙi. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take. Kai kuwa haƙuri ka ba ni, ka ce mamaci bai san an duƙa da shi ba.

Na huɗu. Mamaci bai sani ba, amma mai rai ya gani. Baba yana bayanmu da sandarsa ranar, ya ga komai. Tun damina yake kwance, jiki ya ƙi. Yanzu ya ce in nemo jaki in kai shi Mirriya gidan ƙanwarsa, tun yana iya zama a kan dabba. Ba magani za shi nema ba. Cewa ya yi gara ya cika a ɗakin aro, a ɗauke shi a kafaɗa. Gidan nan fa shi ya buga tubalinsa da hannunsa, tun kuna samari kai da shi, kuna cin tuwo a akushi ɗaya.

Don haka ga roƙona. Ka sa a cire azarar nan, a mayar mana da hanyarmu. Ban nemi a kori baƙo ba, ya gina ɗakinsa a cikin filinsa har ya taɓo gajimare. In kuwa ya fi ƙarfinka, ka faɗa a gaban jama'a, mu san inda za mu kai kuka.

In duka biyun sun gagara, to abu ɗaya ya rage. Ka zo ka yi sallama da abokinka kafin ranar kasuwar Mirriya, don ranar za mu tashi. Ka ɗan naɗe alkyabbar in ka iso bakin lungu, sai ka duƙa za ka shiga.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya sa ka gama lafiya. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa a fitar da kai a kafaɗa, ta hanya buɗaɗɗiya.

Wassalam.

Habu ɗan Malam Isa, lungun dukawa.