Igiya Ta Kan Katanga

Dorawar Liman,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya kasuwa, yaya mutanen Kurna? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da dogon ƙarfen sabis na bakin titi ya mutu, wai ba man da za a zuba wa injinsa, waya ta zama ta duba lokaci kawai. Mai son magana sai ya hau tudun bayan makabarta ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ni kuwa ka san ina cikin takabar Baban Sauda, ko zaure ban taka ba tun ranar da aka fita da shi. Shi ya sa na ɗauki biron Sauda, na ba Nababa direba ya kawo maka.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Dawar da marigayi ya shuka a gonar bayan gida ta yi kyau, ta fid da kai, ƙwaya tana madara, sai ga tsuntsayen jan-baki. Yaya, ban taɓa jin irin na bana ba. Daga tsakar gida nake jin saukarsu, ɗiii, kamar ruwa ya tsinke a kan kwano. Kowane gida ya janye yaransa daga makaranta ya tura su kora da majajjawa.

Jiya Yaya Mati, wan marigayi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Sauda ta ajiye jaka sai bayan girbi. Ita kuwa shugabar makarantarsu ta riga ta faɗa musu: duk yarinyar da aka daina ganin fuskarta a wannan zango, ba za a sa sunanta cikin masu jarrabawar fita ba. Kuma shekararta ta ƙarshe ke nan. Na ce masa, "Yaya, a yi mini haƙuri." Ya ce, "Haƙurin za ki tuƙa wa yaran da miya?"

Abin haushin, yana da gaskiyarsa. In dawar nan ta tafi a wannan tsadar, ban san abin da ƙannen Sauda biyu za su ci ba. In kuma Sauda ta fita, na san ba komawa. Ka tuna yadda nawa karatun ya ƙare. Ni ma "sai bayan girbi" aka ce mini, ga shi har yau ana ta girbi.

Kai ne a gidanmu aka sani da shawara, ko ba a tambaye ka ba kana bayarwa. To yau an tambaye ka.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka,
Barira.

*

Kurna, Kano,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni, na karanta, na sake karantawa. Allah Ya jiƙan Malam Usaini, Ya ƙara miki haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Da farko maganar waya. Wani abokin cinikina ya tabbatar mini cewa in aka sa ta cikin kwanon silba aka ɗora a kan rumbu, takan jawo sabis. Ki jarraba, domin wannan aike ta hannun direba yana cin lokaci.

Game da jan-baki, na bincika wajen masu sayar da maganin gona. Sun ce feshi ba ya yi musu komai, banda tsadarsa. Kora dai ita ce magani, tun zamanin iyayenmu.

Na kuma je wajen malaminmu bayan sallar Asuba na tambaye shi hukuncin mai takaba. Ya ce tana iya fita da rana saboda larura, in dai za ta kwana a ɗakinta. Amma ni a ganina, Barira, kada ki yi. Gidan mutane kike zaune, kuma na san bakin mutanen Dorawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki bi maganar Mati. Sauda ta yi hutun 'yan makonni, ni zan rubuto wa shugabar makaranta takarda cikin ladabi in yi mata bayani. Karatu ba ya gudu, yunwa kuwa ba ta jira.

Da so samu ne in zo da kaina. Amma shagon nan ba ya barin mutum ya motsa. Masu haraji sun zama kala-kala, wannan ya ce na shara, wancan ya ce na allon suna, gobe wani ya zo da rigarsa daban. In suka tarar da shago a rufe sai su ƙara nasu kwaɗon a kan nawa, buɗe shi kuma sai mutum ya yi kwanaki yana zarya. Shawarar da nake ba maƙwabtana ita ce kowa ya zauna a bakin kayansa, ya kuma nemi rasit ko na mene ne.

Ki yi haƙuri, ki rage zafin kai. Na san halinki tun kina goyo.

Wassalam.
Yayanki,
Iliyasu.

*

Dorawar Liman,
Ranar Litinin.

Yaya Iliyasu,

Sallama da gaisuwa. Na ga takarda, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Na sa waya a kwanon silba na ɗora a kan rumbu. Sabis bai zo ba, zakara ne ya zo, ya yi fatali da kwano da waya. Ka gaida abokin cinikin naka.

Ka ce karatu ba ya gudu. Yaya, kai namiji ne, naka ne bai gudu ba. Ka riƙe takardarka ta ladabi, shugabar nan fuska take ƙirgawa kowace safiya, ba ta ƙirga uzuri.

Hukuncin da malaminku ya faɗa na yarda da shi, Liman ma haka ya aiko mini. Sai dai Yaya Mati ba Liman ba ne. Ranar da na taka gona, ranar za a ce matar Usaini ba ta iya zama ba, gara a karɓi gonar a riƙe wa marayu. Ka kuwa san abin da aka riƙe wa maraya, sai ya yi gemu yake ganinsa. Don haka ba zan fita ba. Sauda ma ba za ta fita daga aji ba. Na faɗa wa Yaya Mati haka ta bayan ƙyaure.

Ga abin da na gani. Gonar nan katanga ce kawai ta raba mu da ita. Shekaranjiya na kwance igiyar shanya na ɗaura da tsohuwar igiyar guga, na rataya marufan tukwane, na roƙi Muntaka mijin Luba maƙwabciyata ya kafa mini gwafa a cikin dawa ya ɗora igiyar a kai. Bakinta ɗaya ya jefo mini ta kan katanga. Da na ji jan-baki sun sauka na fizga. Yaya, sai ka ji tashinsu! Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, karon farko tun rasuwar nan, sannan na zauna na yi kuka.

Matsalar, igiyar ko kwatan gona ba ta kai ba. Ina so ka aiko mini da igiyar leda mai ƙarfi, iyakar wadda za ka iya, da gwangwanayen madara da na tumatir. Mai shayin kusa da kai zubar da su yake yi. Kada ka tsaya yi mini wa'azi, tsuntsu ba ya jiran Nababa.

Ƙanwarka mai zafin kai,
Barira.

*

Kurna, Kano,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Bayan sallama da fatan alheri. Ga igiya nan ƙulli biyu da buhu biyu na gwangwani a hannun Nababa. Maryam da yara suka zauna suka huda su ɗaya bayan ɗaya. Ki zuba tsakuwa a ciki ki matse bakin, sun fi ƙara.

Ki san kin jawo mini magana. Na tara buhunan a gaban shago ina jiran mota, sai ga wani mai haraji. Ya duba ya ce ashe na buɗe sana'ar gwangwan ban sanar ba, sai na yanki wata takarda daban. Na ce masa na ƙanwata ne, tsuntsu za ta kora da su daga cikin ɗaki. Ya ce in nemi wata ƙaryar. Sai da mai shayi da liman na masallacin layinmu suka sa baki, shi ma da ya ji mai takaba ce ya ce Allah Ya jiƙan mamaci, ya wuce.

Ban fasa ganin cewa kin ɗauko abin da ya fi ƙarfinki ba. Yara goma ke wuni a gona suna wannan aiki, ke kina so ki yi shi da hannu biyu. Amma tunda kin ƙi ji, ki naɗe tafinki da tsumma, igiyar nan tana yanka. Kuma kada ki riƙa ja ba dalili, in suka saba da ƙarar sun daina tsoro ke nan.

Ki rubuto mini halin da ake ciki. Hankalina yana wajenku.

Wassalam.
Yayanki,
Iliyasu.

*

Dorawar Liman,
Ranar Lahadi.

Yaya Iliyasu,

Gaisuwa da godiya, kai da Maryam. Ka yi haƙuri da shiruna, hannun ne ba ya samun sararin biro.

Wannan karon shawararka ta yi rana. Da farko ja nake yi ba ji ba gani, har suka mai da ni makaɗiyarsu, ina kaɗawa suna ci. Sai na gane dole in gan su. Na jingina tsani da katanga ta ciki, nake hawa in tsaya, kaina kawai ke leƙawa, igiya uku a hannuna. Sai sun sauka sun natsu nake fizga ina ihu. Daga fitowar rana har ta yi zafi, sannan daga La'asar har Magariba.

Yaya Mati ya zo ya ce, "Wannan wace irin takaba ce, mace a kan katanga?" Na ce, "Yaya, dubi ƙafata, a cikin gidan ƙaninka take." Ya juya ya tafi yana ƙunƙuni. Luba kuwa da ta ga abin yana yi, ta sa Muntaka ya ja mata tata igiyar, ta mai da yaranta makaranta. Yanzu in jan-baki suka taso daga wajena sai in ƙwala mata kira, "Luba, ga baƙinki nan!"

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Igiyar ba ta kai ƙarshen gona ba, wajen tsamiya. Can suke taruwa, ina kallo ba yadda zan yi. Ranar Laraba sai na ga suna tashi daga can su kaɗai. Na ƙura ido. Farin hijabi na hango a cikin dawa, irin na makaranta. Yaya, Sauda ce. Ashe tun farkon mako take fita da jaka ta gaishe ni, ta zagaya ta bayan gari ta shige gona.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da na rasuwar. Na kira sunanta da muryar da duk unguwa ta ji. Ta zo gindin katanga ta waje ta tsaya, ni ina sama. Na ce, "Don wa nake tsaye a nan?" Ta ce, "Inna, na ga jini a jikin igiya." Na ce, "Jinin nawa ne ko naki?" Ta sa hijabi tana share hawaye. Na ce mata in ta sake taka gonar nan a ranar makaranta, da hannuna zan yanke igiyoyin duka, mu zauna mu kalli tsuntsu ya cinye, kowa ya huta.

Shugabar ta aiko cewa saura ƙiris ta cire sunanta. Yanzu Muntaka ke raka ta har ƙofar makaranta a kan hanyarsa ta kasuwa. Ƙarshen gona kuwa na bar wa jan-baki, su ci, Allah Ya sa sadaka ce ga marigayi. Ina kallonsu kullum suna cinye guminsa, zuciyata tana ƙuna, ban kuma canza magana ba.

Ka sa mu a addu'a. Girbi ya kusa.

Ƙanwarka,
Barira.

*

Dorawar Liman,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Kawu Iliyasu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna Maryam da 'yan'uwana. Ni ce Sauda, Inna ce ta sa in rubuto.

An yanke dawa. Ta kusa da gida ta yi kyau, ta wajen tsamiya kara ne kawai. Baba Mati ya ce abin da aka samu ba zai kai mu damina ba, amma shi ya kawo amalankensa aka kwaso.

An sa sunana cikin masu jarrabawa. Jiya aka ɗauke mu hoto.

Inna ta ce in gaya maka ta sauko daga tsani, kuma hannunta lafiya lau, kada ka tayar da hankalinka. Na rubuta kamar yadda ta ce. Amma Kawu, in Nababa zai dawo ka aiko da maganin shafawa. Yatsunta ba sa lanƙwasuwa, ni nake ba ta tuwo a baki.

'Yarka,
Sauda Usaini.